Dole ne 'yar baƙi ta juya wa gidansu baya kafin ta san kanta?

Malama, tambayarki ta iso ni, ga kuma yadda na fahimce ta. Kina rubuta ƙagaggen labari a kan wata yarinya da iyayenta suka yi ƙaura da ita zuwa wata ƙasa tun tana ƙarama. Kin lura cewa a yawancin labaran da kika karanta masu wannan jigo, tauraro ba ya sanin ko shi wane ne sai ya yi hannun riga da tarbiyyar gidansu, ko kuwa duniya ta juya masa baya ya dawo yana neman gafara. Shi ne kike tambaya ko hanyoyin nan biyu ne kawai, ko dole ne tauraruwarki ta zaɓa tsakanin kanta da iyayenta.

Na daɗe ina koyar da adabi, ina kuma duba rubutun masu tasowa kafin ya kai maɗaba'a, kuma wannan jigo na cikin waɗanda suka fi zuwa hannuna. Ba dole ba ne. Littattafan da suka yi ƙarko a wannan fanni ba su tsaya a kan wannan zaɓi ba. Abin da tauraro ke ganowa a cikinsu shi ne, shi ɗin da yake ta nema da ƙasar gidansu aka gina shi, sannan gidan da yake gudu shi ma tafiya ta taɓa shi, ba yadda ya baro ƙasarsu yake ba. In kin riƙe waɗannan biyun, labarinki zai fita daga sahun waɗanda suka gundure ki.

Akwai dalilin da ya sa iyali ke shigowa cikin kowane labarin ƙaura, ko marubuci ya so ko bai so ba. Wanda ke zaune inda aka haife shi ba ya kwana yana tunanin ko shi wane ne. Kowa ya san ɗan wane ne, sunansa ba ya neman bayani, yadda yake gaisuwa da yadda yake ibada haka kowa ke yi. Ranar da ya tsaya gaban jami'in shige da fice a wata ƙasa, aka karanto sunansa a karkace, aka yi masa tambayoyin da ba a taɓa yi masa ba, daga nan ne abubuwan da ya ɗauka haka duniya take suke komawa "al'adarsu". Chimamanda Adichie ta kama wannan a littafinta Americanah na 2013, inda tauraruwar ke cewa ba ta taɓa kallon kanta a matsayin baƙar fata ba sai da ta je Amurka. Ita dai tana nan yadda take, masu kallonta ne suka canja.

A cikin wannan baƙunci, abin da ya rage wa mutum daga tsohuwar duniyarsa shi ne mutum ukun ko huɗun da ke kwana gida ɗaya da shi. Can inda suka fito, renon yaro aikin mutane da yawa ne: kakanni, ƙannen uwa da na uba, maƙwabta, malamai. In uba ya tsawata akwai mai rarrashi. In yarinya na da maganar da ba za ta iya faɗa wa uwarta ba, akwai wadda za ta kai wa. A baƙon wuri duk wannan nauyi yakan dawo kan mutum biyu, su ma a gajiye suke dawowa daga aikin da sau da yawa bai kai darajar wanda suka baro ba. Shi ya sa iyaye baƙi kan tsananta fiye da yadda za su yi da suna gida. Tsoro ne ke sa su, tsoron kada ɗan da suka tsallaka teku dominsa ya tashi bare a gare su. Kuma ƙasar da suke karewa a cikin falonsu ita ce ƙasar shekarar da suka fito. Can gida abubuwa sun ci gaba da sauyawa, 'ya'yan 'yan'uwansu sun sami sassaucin da su ba su da labarinsa, su kuwa agogonsu ya tsaya. Yarinya takan kai ziyara ƙasar iyayenta ta tarar sa'o'inta sun fi ta sakewa. Wannan fage kaɗai, in kin rubuta shi da kyau, ya isa ya nuna cewa maganar ta wuce a ce al'ada ce ke faɗa da zamani.

Yawan irin waɗannan littattafai a zamaninmu yana da sanadi. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2020 mutum miliyan 281 ne ke zaune a wajen ƙasar da aka haife su. Adabin kuma sawun dokoki yake bi. A 1948 Birtaniya ta yi dokar da ta ba mutanen ƙasashen da take mulka damar shiga su zauna, a shekarar ce kuma jirgin ruwan Empire Windrush ya sauke ɗaruruwan mutanen yankin Karibiyan a Ingila. Bayan shekara takwas, a 1956, Sam Selvon ya fitar da The Lonely Londoners, labarin maza a ɗakunan haya masu sanyi na Landan, yawancinsu ba iyali a kusa. A Amurka dokar shige da fice ta 1965 ce ta soke tsarin da ke fifita mutanen arewaci da yammacin Turai, ta buɗe ƙofa ga masu ilimi da sana'a da kuma dangin waɗanda suka riga suka shiga. Ki ƙirga shekara talatin zuwa arba'in daga nan, za ki ga lokacin da 'ya'yan waɗancan baƙi suka girma suka kama alƙalami. Waɗanda suka yi tafiyar da ƙafarsu sun fi rubuta kaɗaici da kewa. 'Ya'yansu ne suka fi rubuta rikicin cikin gida, domin su ne suka tashi da harshe biyu da doka biyu, ta makaranta daban, ta gida daban. Tauraruwarki daga cikin waɗannan take.

Littafin da nake so ki zauna da shi sosai shi ne The Namesake na Jhumpa Lahiri, wanda ya fito a 2003. Gaba ɗayansa a kan suna aka gina shi. Ma'aurata ne 'yan Kalkata ta Indiya, Ashoke da Ashima, suka haifi ɗa a Amurka a 1968. Kakar matar ce za ta zaɓi suna ta aiko da shi a wasiƙa, wasiƙar ta ɓace a hanya, asibiti kuma ba ya sallamar jariri sai an rubuta suna a takardar haihuwa. Sai uban ya ce a sa Gogol, sunan wani marubuci ɗan Rasha, da niyyar na wucin gadi ne. Sunan ya zauna. Yaron ya tashi yana jin kunyarsa, domin sunan ba na Indiya ba ne, ba na Amurka ba ne. Kafin ya shiga jami'a ya je kotu ya canja shi zuwa Nikhil. Marubuci mai gaggawa a nan zai tsaya, ya ce yaro ya sami 'yancinsa.

Lahiri ba ta tsaya ba. Sai bayan an canja sunan uban ya gaya masa abin da ya ɓoye. A 1961, yana saurayi, jirgin ƙasan da yake ciki ya yi hatsari cikin dare, mutane da yawa suka mutu. Yana karanta littafin Gogol ne lokacin da abin ya faru, kuma takardar littafin da ta faɗo daga hannunsa ce ta sa masu ceto suka lura da sauran ransa. Yaron ya tambayi ubansa ko in ya gan shi daren yake tunawa. Uban ya ce a'a, yana tuna masa da duk abin da ya biyo bayan daren ne. Ashe sunan da ya ɗauka kaya ne aka ɗora masa, godiyar ubansa ce ga marubucin da littafinsa ya zama sanadin tsirarsa.

Ki lura kuma da abin da marubuciyar ta ƙi yi bayan haka. Uban ya rasu ba zato, Gogol ya rabu da budurwarsa Ba'amurkiya, ya matso kusa da uwarsa, ya auri 'yar ƙabilarsu wadda iyayenta aminan gidansu ne. Da mai wa'azi ne ke rubutun, da an ce ya dawo hanya, shi ke nan. Amma auren ya mutu, domin ita ma amaryar da nata gudun take yi. Littafin ya ƙare ne da Gogol a tsohon ɗakinsa, uwarsa na shirin sayar da gidan ta riƙa raba shekararta tsakanin Indiya da Amurka, ya ci karo da littafin da ubansa ya ba shi ranar da ya cika shekara goma sha huɗu, wanda bai taɓa karantawa ba. Ya zauna ya fara karantawa. Bai bar Amurka ba, bai kuma zama ubansa ba. Abin da ya samu shi ne ya san mutumin da ya haife shi, ko da yake a makare. A ganina wannan shi ne ainihin sanin kai a labarin baƙo: ranar da ya daina ganin iyayensa a matsayin doka, ya gan su mutane masu nasu tarihin.

Yanzu ga inda na fi ganin masu tasowa na tuntuɓe. Sukan rubuta "tarbiyyar gida" ko "ɗabi'un iyali" kamar wani dunƙulallen abu da uba ke zama a kujera yana karantowa. Mai karatu ba ya ganin ɗabi'a sai ta zama kuɗi, ko shiru, ko harshe, ko wani abin da za a taɓa.

Ɗauki bashi. Kusan duk wanda ya fita, wani ne ya biya masa, ko da dukiya ko da haƙuri. A No Longer at Ease na Chinua Achebe, na 1960, ƙungiyar mutanen garinsu Obi Okonkwo ce ta tara fam 800 ta tura shi Ingila karatu, a kan zai biya in ya dawo. Lauya suke so ya zama, shi kuwa ya karanto Turanci. Ya dawo da aikin gwamnati da mota, da bashin ƙungiya, da kuɗin makarantar ƙanensa, da jinyar uwarsa, da yarinyar da iyayensa suka ce ba zai aura ba saboda asalinta. Ƙarshenta cin hanci na fam 20 ya kai shi kotu. Achebe bai mai da kowa mugu ba. Mutanen garin sun matse bakin aljihunsu domin ɗansu, suna da haƙƙi a kansa, haƙƙin ne kuma ya taru ya danne shi. Wannan bashi bai tsufa ba. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kuɗin da baƙi suka tura ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita a 2022 ya haura dala biliyan 600. A bayan wannan adadi akwai kiran waya da ake jin tsoron ɗauka, akwai wanda ke cewa lafiya lau alhali kuɗin haya ya gagare shi. In tauraruwarki ta ga uwarta tana ƙirga abin da za ta tura gida a daren da aka ce mata babu kuɗin tafiyar makaranta, kin nuna zumunci da tsadarsa a fage ɗaya, ba sai kin ambaci kalmar ba.

Shiru ma haka yake. Abdulrazak Gurnah, ɗan Zanzibar da ya koma Ingila yana matashi bayan juyin juya halin 1964, wanda kuma ya sami kyautar Nobel ta adabi a 2021, gwani ne a nan. A Admiring Silence, na 1996, mai ba da labarin ya yi kusan shekara ashirin a Ingila yana zaune da wata Baturiya har sun haifi 'ya, bai taɓa gaya wa gidansu ba. Ita ma Baturiyar labaran ƙarya ya shirya mata game da danginsa. Da ya koma Zanzibar ziyara sai ya tarar an nemo masa mata. Ƙaryar tasa ta samo asali ne daga kunya da gudun ɓata wa mutane rai, ta kuma cinye masa gida biyu. A tafiyar ne ya ƙara sanin labarin ubansa, wanda shi ma ya tsere ya bar iyali. Wato halin da yake tsammanin baƙunci ne ya koya masa, a cikin gidansu ya gaje shi.

Harshe ne na fi so ki ba lokaci, domin a nan ne ƙaura ke juya gida ta mai da sama ƙasa. Masu nazarin harshe sun daɗe da lura da yadda abin ke tafiya a gidajen baƙi da yawa: iyaye da harshensu, 'ya'ya da biyu, jikoki da na sabuwar ƙasa kaɗai. Yaro ya fi babba saurin kama baƙon harshe, saboda haka shi ke zama tafinta. Ki ɗauka tauraruwarki na da shekara goma sha ɗaya, ta raka ubanta asibiti. Ɗakin likita ne, kujeru biyu, ita ƙafarta ba ta kai ƙasa ba. Likita ya dubi takarda ya faɗi sakamakon gwaji, ya juyo yana kallonta, domin ita ce za ta fassara. Ta gane kalmar. Ubanta, wanda a gida ba a ɗaga ido a dube shi, ya zuba mata ido yana jira kamar ɗalibi. Tana da daƙiƙa biyu ko uku ta yanke shawara: ta faɗa masa yadda aka faɗa, ko ta sassauta. Ta sassauta. A hanyar komawa ya saya mata wani abu a tashar mota, bai ce komai ba, ita kuma ba ta san ko ya gane ba. Da daddare ya yi mata faɗa a kan ta daɗe a waje, faɗan ya fi laifin girma. Mai karatu ya san dalili: mutumin na neman dawo da girman da ya zube a gaban 'yarsa da rana. Ba wanda ya yi huɗuba a fagen nan, amma biyayya da tausayi da jin nauyi da fushi duk suna ciki, kuma yarinyar ta san wani abu game da kanta da ba ta sani ba da safe: tana iya ɗaukar nauyin ubanta, kuma hakan ya raba ta da yarinta.

Wani masanin tarihin ƙaura, Marcus Lee Hansen, ya yi wata magana, wadda aka buga a 1938, da ake yawan maimaitawa, cewa abin da ɗa ke son mantawa shi jika ke son tunawa. Ba a kowane gida take tabbata ba, amma za ta yi miki amfani in labarinki ya kai ga 'ya'yan tauraruwar.

Akwai kuma zato da ya yi ƙarfi a wannan fanni, wai sanin kai na nufin sakin addini da duk abin da aka zo da shi. Leila Aboulela, marubuciya 'yar Sudan wadda ita ce ta fara cin kyautar Caine ta marubutan Afirka a 2000, ta rushe wannan zato a Minaret, na 2005. Najwa 'yar babban jami'in gwamnati ce a Khartum, ta tashi cikin daula, addini bai dame ta ba. Aka yi juyin mulki, suka gudu Landan, aka kashe ubanta. Uwarta ta rasu, tagwayenta namiji ya faɗa shaye-shaye har gidan yari, dukiya ta ƙare, ta koma aikatau a gidan masu kuɗi. Matan da suka zo daga masallaci suka yi wa gawar uwarta wanka, waɗanda ba su haɗa komai da ita ba, su ne suka fara tsaya mata a rai. A Landan ta kama salla ta sa lulluɓi, ba wanda ya tilasta ta, domin babu ma wanda ya rage da zai tilasta. Abin da ta samu a baƙunci bai zo daga gidansu kai tsaye ba, gidan nasu bai riƙe shi da ƙarfi ba. Na kawo wannan ne don ki ga cewa hanyar na iya bi ta kowane ɓangare. Wani kan saki abu a baƙunci, wani kuma a can yake kama shi da hannu biyu a karon farko.

Kada ki ɗauka ina cewa iyali kullum su ke da gaskiya. Akwai gidan da barinsa shi ne tsira, marubuci kuma ba shi da ikon rufe wannan da sunan mutunta iyaye. A Second-Class Citizen na Buchi Emecheta, na 1974, Adah ce ke aiki tana ciyar da miji da 'ya'ya a Landan, mijin na dukanta, har ya ƙona littafin farko da ta rubuta. Ta kwashe 'ya'yanta ta fita, kuma ba mai hankalin da zai ce ta yi kuskure. Amma ki duba da me ta fita: da 'ya'yan. Riƙon iyalin da mijin ya yi watsi da shi, ita ta ɗauka. Tun kafin wannan, a 1925, Anzia Yezierska ta rubuta Bread Givers a kan Yahudawan gabashin Turai a unguwar talakawa ta birnin Niyok. Uban malamin addini ne da ba ya sana'a, 'ya'yansa mata ke ciyar da shi, ya aurar da uku ga mazan da ba su so, dukkansu suka shiga wahala. Ƙaramar, Sara, ta gudu tana da shekara goma sha bakwai, tana aikin guga da rana tana karatu da dare, har ta zama malamar makaranta. Daga baya ta tsinci uban a titi, tsoho marar lafiya yana tallar cingam. Ta yi jinyarsa, ta kuma amince ya zo ya zauna da ita, tana sane da cewa halinsa na nan. Taurin kan da ya ba ta ƙarfin guduwa daga gare shi, nasa ne ta gada, ita ma ta san haka. Littafin bai ce ta yi daidai ba, bai ce ta yi kuskure ba. Ya bar ta da nauyin a kafaɗa. Shekara ɗari ke nan ana karanta shi.

Wata ɗaliba ta taɓa kawo mini rubutu mai kama da naki. Ita kanta a baƙuwar ƙasa ta tashi. Rubutun na da kyau, harshenta na da daɗi, amma uban da ke ciki bango ne kawai: ya hana, ya yi tsawa, ya rufe ƙofa. Na karanta shafi sittin ban ga ya yi dariya ko ya ji tsoro ba. Na tambaye ta wace sana'a uban yake yi kafin su baro ƙasarsu. Ta yi shiru, ta ce ba ta yi tunanin wannan ba. Na ce to naki uban fa? Nan ma ta ce ba ta da tabbas. Bayan mako uku ta dawo, idonta ya nuna ta yi kuka. Ta tambaye shi. Ashe shugaban makaranta ne a can, da ɗaruruwan yara a ƙarƙashinsa, takardunsa ba su yi aiki a sabuwar ƙasa ba, ya yi shekaru yana gadin dare a wurin ajiye motoci. Bai taɓa faɗa ba, domin ba ya son 'ya'yansa su ji tausayinsa. Ta ce mini yanzu ta gane abin da ya sa yake duba littattafanta na makaranta da jan biro. Ta sake rubuta labarin. Uban bai daina tsanani ba, tauraruwar ma ba ta fasa barin gida ba, amma a sabon rubutun in ya rufe ƙofa mai karatu ya san abin da ke bayanta.

Saboda haka kafin ki ci gaba, ki ajiye tauraruwar na ɗan lokaci ki rubuta wa kanki tarihin iyayenta, ko da ba zai shiga littafin ba. Wa suka bari a baya, wa ya rasu ba su sami zuwa jana'iza ba, me suka ce wa juna a daren da suka yanke shawarar tafiya, wanne ne cikinsu bai so ba. Sau da yawa uwa da uba ba a ƙasa ɗaya suke zaune ba ko da suna ɗaki ɗaya: ɗaya na tanadin komawa, ɗaya ya riga ya san ba za a koma ba. Ki ba sabuwar ƙasar ma haƙƙinta. Kada ta zama aljanna, kada ta zama ramin lalacewa. A cikinta akwai malamar da za ta ga hazaƙar yarinyar, akwai maƙwabcin da zai nuna musu wariya, wani lokaci mutum ɗaya ne ke yin duka biyun. Ki kuma guji jawabin da tauraruwa za ta tsaya gaban madubi ta ce yau na san ko ni wace ce. Mutane ba sa magana haka. A aikace ake gani: da wane suna ta gabatar da kanta ga baƙo, da wane harshe ta yi wa jaririnta wasa ba tare da ta shirya ba, kiran wa ta ɗauka, na wa ta bari ya katse.

Game da ƙarshen labarin, kin ce kina tsoron ko dai ki saɓa wa iyaye ko ki danne yarinyar. Ki bar ta ta yi abin da halinta ya kai ta. In tafiya ce ta tafi, amma ki nuna abin da ta ɗauka daga gidan ba da saninta ba, da abin da tafiyar ta ci mata. In zama ne ta zauna, amma ya zama ita ta zaɓa, bayan ta ga cewa ƙofa a buɗe take. Iyayen ma ki bar su su motsa ko da taku ɗaya ne, domin shekara ashirin a baƙuwar ƙasa ba ta barin kowa yadda yake. Uban da ya rantse ba zai taka gidanta ba yana iya zuwa da sunan gyara mata famfo, ya gyara, ya tsaya a bakin ƙofa yana duba makulli ko yana da ƙarfi. In kin kai babin asibitin ko makamancinsa, ki turo mini in gani, domin daga yadda kika rubuta uban a wannan fage zan san ko sauran littafin zai tsaya da ƙafarsa.